Wa Zai Zama Fatoman Majinyaci?

Kafin hantsi ya ɗaga a Babbar Kasuwar Gombe, matan ruga sun riga sun sauke ƙoren nono da man shanu sun jera. Ba wadda ke neman a nuna mata hanya. Kowacce ta san gindin da za ta zauna, ta san mai shagon da zai ajiye mata kaya, ta san wanda zai ba ta bashin gishiri da kanwa da sabulu har wani mako. Mijinta ma idan ya koro bijimi zuwa kara, akwai dillalinsa, idan kuma kwana ya kama shi akwai fatoman da zai sauke shi. Fatoma yana jin Fillanci yana jin Hausa, shi zai gaya masa yadda kasuwa ta kwana, shi zai tsaya masa idan mai saye ya ce sai gobe zai cika kuɗi, kuma idan aka cuce shi sunan fatoman ne ya ɓaci. Tun kafin a san mota, kasuwar ƙasar nan ta warware matsalar baƙon da ya zo da wani harshe, ba ya riƙe da tsabar kuɗi, ba shi kuma da kowa a gari.

To, a ɗauki wannan mutumin da ƙarfe biyu na dare, ya goyo matarsa a babur tana zubar da jini bayan haihuwa, a ajiye shi a ƙofar sashen gaggawa na asibiti, wanda kowa ke kira imajansi. Tsakaninsa da rumfar da ake girmama shi bai wuce 'yan kilomitoci ba. Amma a nan ba wanda ya san shi, ba mai tsaya masa, kuma tambayar farko da za a yi masa ita ce ko ya yanki kati.

A ƙasashe irin su Kanada da Ostiraliya da Niyu Zilan, wannan batu yana da suna da ofisoshi da kasafin kuɗi: kula da lafiyar gaggawa ta 'yan asalin ƙasa, wato mutanen da Turawa suka tarar. A wurinmu kalmar ɗan asali ta ɗauki wani kaya daban, ta koma takardar ƙaramar hukuma da ake neman aiki ko gurbin karatu da ita, har ma sau da yawa makiyayin da kakanninsa suka yi kiwo a wuri shi ake ce wa ba ɗan asali ba. Gombe ta ƙara rikitar da lissafin, domin masarautar da Modibbo Buba Yero ya kafa ta Fulani ce, manyan gari da yawa Fulani ne, likitoci da dama ma Fulani ne. Saboda haka ba ƙabila ake magana ba. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi ta Afirka ta yi wa abin kallo mai amfani a rahoton da ta amince da shi a 2003: ta ce a Afirka ba a tambayar wa ya riga wa zuwa, ana duba wanda salon rayuwarsa ya bar shi a gefen hukuma, ta kuma lissafa makiyaya irin su Bararo da Buzaye da Masai. Da wannan ma'auni, namu su ne Fulanin daji na Dukku da Funakaye da Nafada da dajin Wawa-Zange, da tsofaffin da ke kan duwatsun Tula da Waja da Dadiya da Cham waɗanda Hausarsu ta ciniki ce kawai, ba ta kai ta bayyana ciwo ba.

Abin da ya tayar da waɗancan ƙasashe daga barci gawawwaki ne. A watan Satumba na 2008, Brian Sinclair, ɗan asalin Kanada mai shekara 45 wanda aka yanke wa ƙafafu biyu, ya shiga sashen gaggawa na babban asibitin Winnipeg a keken guragu. Robar fitsarinsa ce ta toshe, mafitsara ta kamu, abin da za a iya magancewa cikin ɗan lokaci. Ya zauna awa 34 a ɗakin jira ba wanda ya duba shi, har ya cika a kan kekensa. Da aka yi bincike, ma'aikata suka ce sun ɗauka maye ne yake barci, ko kuma marar gida ne ya shigo fakewa. Ranar 28 ga Satumba 2020 kuma, Joyce Echaquan, mai 'ya'ya bakwai 'yar ƙabilar Atikamekw, ta kunna Facebook kai tsaye daga gadonta a asibitin Joliette da ke lardin Kebek, duniya ta ji tana kuka ma'aikata suna zaginta, ta rasu a ranar. Mai binciken musabbabin mutuwa ta yanke a 2021 cewa wariya tana cikin abin da ya kashe ta. Asibitocin nan biyu ba su rasa wuta ba, ba su rasa magani ba, ba su rasa likita ba. Majinyatan sun iso har ciki. An yanke musu hukunci ne da ido kafin a taɓa su da hannu.

Masana lafiyar mata suna da wani lissafi da Thaddeus da Maine suka fitar a 1994, na jinkiri uku da ke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Mu a nan mun fi son maganar na farko, domin laifin yana kan majinyaci: jahilci ne, al'ada ce, sai da suka gama da mai magani suka zo. Na biyu ma muna taɓawa, kuma an yi abin kirki a kansa. A jihar Gombe an horar da direbobin ƙungiyar NURTW su riƙa ɗauko mata masu naƙuda daga ƙauyuka cikin gaggawa, gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya kuma ta gyara cibiyar lafiya guda a kowace mazaɓa cikin 114 da jihar ke da su. Na ukun ne ba a son a tona, alhali shi ne ke haifar da na farko. Wanda aka wulaƙanta bara, ko ya ga yayansa ya mutu a kan benci ana neman kuɗin safar hannu, bana zai fara da mai magani, kuma ruga guda za ta bi shawararsa.

Bari mu tsaya a teburin kati tukuna, domin tun daga nan ake fara ɓatawa. Magatakarda yana tambayar suna, shekaru, adireshi. Matar da ta kawo ɗanta na fari yana suma ba za ta faɗi sunansa ba, alkunya ta hana, kamar yadda ba za ta ambaci sunan mijinta ba. Za ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Shekaru kuwa ba da lamba take riƙe su ba, ta san dai an haife shi daminar da suka sauka kusa da Dadin Kowa. Adireshi kuma, mashekarin da suke yau ba nan za su kai kaka ba. Tambayoyi uku, shiru uku, magatakarda ya riga ya sa ta a layin marasa wayo, ya ɗaga murya kamar kurma yake yi wa magana. Da akwai wanda zai juya ga kakar yaron ko ƙanwar uban ya tambaye ta, da an gama cikin daƙiƙa goma.

Mafi haɗari shi ne abin da ke biyo baya. Tarbiyyar da Fulani ke kira pulaaku ta ginu a kan munyal, wato haƙuri da dauriya, da semteende, wato kunya da kame kai. Saurayin da aka koya wa ya sha bulala a filin sharo yana murmushi ba zai yi raki a gaban nas mace ba, ko hanjinsa ya ɓule. Mace mai naƙudar fari za ta ciji zane ta yi gum. Mu Hausawa ma ba mu tsira ba: tambayi wanda ke gargara yaya jiki, zai ce da sauƙi. Wannan amsa gaisuwa ce, ba bayanin ciwo ba. A sashen gaggawar da nas biyu ke fama da mutum talatin, wa ake fara gani? Mai ihu, da wanda ya zo da 'yan'uwa masu babbar riga, da wanda aka bugo waya a kansa. Mai shiru a lungu ana ɗauka nasa da dama-dama, alhali a ilimin likita shirun marar lafiya yakan fi ihunsa ban tsoro, domin wanda jininsa ya zube ba shi da ƙarfin ihu.

Maganin wannan ba wa'azin tausayi ba ne, tsari ne, kuma sananne. Ana tantance kowa a bakin ƙofa cikin 'yan mintoci, kafin kati, kafin kuɗi: a auna bugun zuciya, da numfashi, da hawan jini, da zafin jiki, a duba ko yana cikin hayyacinsa, a ba shi launi. Ja yanzu-yanzu, rawaya ba da jimawa ba, kore ya jira. Afirka ta Kudu tana da nata ma'aunin da aka tsara don asibitocin da ma'aikata suka yi ƙaranci, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana da na yara. Na'urar awo ba ta san tufafi ba, ba ta jin warin nono, ba ruwanta da wanda ya iya Turanci. Haka binciken E-MOTIVE ya nuna a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ke cikin jagororinsa: a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai jego don a ga yawan jinin da ta zubar, tare da ba da magunguna a haɗe nan take, ya rage mummunar zubar jini da kimanin kashi 60 cikin ɗari. Da an jira ta ce ina jin jiri, macen ruga ba za ta faɗa ba. Ledar ce ke faɗa a madadinta.

Sai kuɗi. Makiyayi ba talaka ba ne a lissafin dukiya, sau da yawa ya fi nas ɗin da ke yi masa tsawa arziki nesa ba kusa ba. Amma dukiyarsa tana tafiya da ƙafa huɗu, tana daji, kuma ba ta zama naira sai ranar kasuwa. Ciwo kuwa bai san ranar kasuwa ba. Idan aka ce ya ajiye kuɗin tiyata kafin a shiga da matarsa, sai ya aika gida a kamo saniya, a nemi mota, a kai kara, masu saye kuma da sun ga matsuwa a idon mai kaya sun san abin da za su taya. Kwana biyu sun tafi. Aka ce ya kawo jini leda biyu, danginsa suna nisan yini guda, wasunsu ma tsoron ba da jinin suke. Ɗan gari yana buga waya uku a turo masa, abokan aikinsa su cika ɗakin gwaji.

Doka ta riga ta yi magana. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikaci ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Dokar ta kuma ware kashi 5 cikin ɗari na asusun kula da lafiya a matakin farko don jinyar gaggawa, daga nan ne aka samo shirin motocin ɗaukar majinyata na ƙasa da aka fara a Abuja a 2022, mai alkawarin jinyar awa 48 na farko kyauta. A takarda ba abin da ya rage. Sai dai ya kamata a yi wa ma'aikata adalci. Nas ɗin da ta buɗe kabad ta ba da ruwa da allura ba rasit, idan ba a biya ba ita za a tuhuma, wani lokaci daga albashinta. Likitan da ke kwana shi kaɗai saboda abokansa sun tafi Saudiyya da Ingila ba shi da minti goma na lallashi. Muddin asibiti bai tabbata za a mayar masa da abin da ya kashe cikin makonni ba, dokar za ta tsaya a bango, mai karɓar kuɗi kuma ya ci gaba da mulkin dare. Inshorar jiha ta GoHealth ma tana ɗaure mai rajista da cibiya guda kusa da gidansa, tsari mai kyau ga mazaunin Pantami ko Jekadafari, marar amfani ga wanda zai yi rani a bakin Binuwai.

Masu cewa mutanen daji ba sa son asibiti su je Kaltungo, a kan hanyar Yola bayan an wuce Kumo da Billiri. Ƙasar Tangale da kewayenta matattarar kububuwa ce, macijin da ake wa laƙabi da gobe da nisa. Dafinta yana hana jini daskarewa. Wanda ta sara yana iya tafiya da ƙafarsa yana hira, can sai dasashi ya fara jini, tsohon tabo ya buɗe, fitsari ya yi ja, idan jinin ya tsinke a ƙwaƙwalwa shi ke nan. Cikin waɗanda ba su sami magani ba, mutum 10 zuwa 20 a ɗari sukan mutu, kuma kusan dukkansu manoma ne da makiyaya, har da yara masu bin shanu ba takalmin kirki. Gwajin da ake yi a can ba ya bukatar wuta ko tafinta: a ɗebi jini kaɗan a sa a 'yar kwalbar gilashi mai tsabta, a bar shi minti 20, a karkata. Idan ya zubo bai daskare ba, dafi ya shiga, a ɗaura magani. Bayan awa shida a sake.

Maganin kansa labari ne. An kama macizai a Najeriya aka kai Liverpool aka tatsi dafinsu, aka yi EchiTAb-G da jinin tumaki a yankin Wales, aka yi EchiTAb-Plus da jinin dawaki a Kosta Rika. An gwada su a kan majinyata 400 a Kaltungo, sakamakon ya fito a 2010, kowannensu ya dawo da daskarewar jini ga kashi uku cikin huɗu ko fiye tun daga zubin farko. Masana irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Kano da David Warrell na Oxford sun daɗe a kan wannan aiki, tun kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017. Abin lura shi ne abin da mutane suka yi da suka ga magani yana aiki kuma ba a cewa sai an sayar da sa. Dubbai suke zuwa duk shekara, daga Taraba da Adamawa da Bauci da Borno da Yobe, a babur, a bayan akori-kura, mutanen da aka ce ba sa rabuwa da tsaga da baƙin dutse. Ba wanda ya yi musu gangamin wayar da kai da ya kai labarin ɗan'uwan da ya dawo da ƙafarsa. Haka kuma duk lokacin da maganin ya yanke, kamar yadda jaridu suka ruwaito a 2017, labarin yana isa ruga kafin ya isa Abuja, mutane su koma inda suka fito, gawa ta ƙaru.

Irin wannan aka gani a Cadi wajen shekarar 2000, lokacin da masu bincike suka tarar shanun makiyaya suna da rigakafi amma cikin 'ya'yansu da aka duba ba ko ɗaya da ya kammala nasa. Da aka haɗa ma'aikatan lafiya da likitocin dabbobi a mota ɗaya, iyaye suka fito da yaran, domin likitan dabbobi sananne ne, ya san sunan arɗo, ya san lokacin da ake samun mutane a gida.

Wannan ya dawo da mu kan fatoma. Asibitocin Ostiraliya suna da ma'aikaci na musamman daga cikin 'yan asalin, aikinsa ya tarbi majinyaci, ya fassara, ya nemo dangi, ya gaya wa likita abin da shirun nan yake nufi. A babban asibitin Darwin an auna an ga cewa da amfani da tafintoci ya ƙaru, yawan masu barin gado kafin a sallame su ya ragu. Mu a fayil sai a rubuta ya gudu, a rufe. Ba a tambaya ko garke ya bari a hannun yaro ɗan shekara tara, ko ba a gaya masa da harshen da yake ji ba cewa sauƙin da ya samu na ƙarin ruwa ne, ciwon yana nan. Tafintan da muke da shi yanzu shi ne mai shara ko mai gadi da aka ƙwalla wa kira, ko ɗan majinyaciyar, wanda za a sa ya tambayi uwarsa yaushe rabonta da al'ada. Ba za ta amsa ba, shi ma ba zai tambaya ba, zai juyo ya ce ta ce ba komai.

Gombe ba ta rasa mutanen da za su yi wannan aiki ba. Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda ya fara a matsayin cibiyar lafiya ta tarayya a 1996 ya zama na koyarwa a 2014, da Asibitin Ƙwararru na jiha, cike suke da masu jin Fillanci da Tangale da Tera da Waja da Bolanci. Makarantun 'ya'yan makiyaya da aka kafa wa hukuma tun 1989 sun yaye samari da 'yan mata da suka san ruga suka san biro. Abin da babu shi ne a mayar da abin aiki mai suna da albashi da jadawali, mace da namiji a kowane dare, a kuma ƙara layi ɗaya a kati: wane harshe majinyaci ya fi ji? Harshe na ce, ba ƙabila ba. Ƙasar da ta cire tambayar ƙabila da addini daga ƙidayar 2006 ta san dalilinta, kuma a shekarun nan da ake kallon duk mai sanda da malfa a matsayin ɗan bindiga, makiyayin da ya zo da rauni yana da hujjar tsoron a rubuta asalinsa. Kakanninsa ma sun san rubuta suna da jangali yake zuwa.

Akwai tarko biyu. Na farko, asibitin da Joyce Echaquan ta mutu yana da irin wannan ma'aikaciya 'yar ƙabilarta, amma ranar ba wanda ya kira ta. Fatoman da ba shi da ikon shiga ɗaki ya ce wa likita a sake duba wannan, ado ne kawai. Niyu Zilan ta gane haka tun 1992, lokacin da ta sa abin da Irihapeti Ramsden, nas 'yar ƙabilar Mawori, ta koyar cikin jarrabawar ma'aikatan jinya: majinyaci ne ke da ikon cewa an mutunta shi ko ba a mutunta shi ba, ba ma'aikaci ba. Wasan Fulani da Barebari yana da daɗi a rumfar kasuwa inda kowa zai rama, amma wanda ke kwance da robar ruwa a hannu ba ya iya ramawa, kuma kai Bafillace ba sunan kowa ba ne. Baba da Inna da Malam ba su da tsada.

Tarko na biyu daga kasuwar kanta yake. Fatoma da la'ada yake ci, kuma duk wanda ya yi jinya ya san 'yan kamashon da ke shawagi a harabar asibitoci, masu cewa kawo in sayo maka, su kai ka kemis ɗin da suke da kaso. Idan aka bar na asibiti ya karɓi ko sisi daga hannun majinyaci, an ƙara ɗaya ne cikinsu, har da katin shaida. Albashinsa daga asibiti zai fito. Abin da za a aro daga kara shi ne lamuni. Ƙungiyoyin dillalan shanu da na makiyaya suna da shugabanni da ofis, suna karɓar kuɗi a kan kowace dabbar da aka sayar, sun kuma san garken kowa fiye da yadda banki ya san asusun ɗan kasuwa. Za su iya ajiye wani abu a asusun asibiti, su ba da lambar waya biyu da za a manna a bangon imajansi. Idan aka kawo mutum da dare, fatoman asibiti ya kira sarkin dillalai, shi kuma ya ce na san shi, ɗan gidan arɗo wane ne, ku shiga da ita. A yi tiyata a daren, a sayar da saniyar ranar kasuwa a kan farashinta.